Kajin Kaka a Gidan Saja

Ranar da aka kawo Kaka daga Lau, kwando aka fara saukewa daga mota kafin jakarta. Kaji biyu ne a ciki, an ɗaure bakinsa da tsohon zane. Ruwan Binuwai ya ci ɗakinta da rumbunta da sauran kajinta a daminar nan, waɗannan biyun kaɗai suka tsira. Ɗaya ja ce, ita da kanta ta tashi ta hau bishiyar mangwaro. Ɗayar kuwa fingi ce, irin kazar nan mai gashi a murɗe kamar kan da aka tsefe ba a kitse ba. Fingi ba ta iya tashi sama, don haka Kaka ta sa ta a ƙwarya ta ɗora a ka, ta ratsa ruwa da ita har kan tudu. A ratsawar nan ne wani abu ya yanke ta a ƙafa, ƙafar ta kumbura, Mama ta je ta ɗauko ta.

Sunayensu ke nan, Ja da Fingi. Kaka ba ta wahalar da kanta wajen raɗa suna.

Gidan haya muke a unguwar Mayo Gwoi, a Jalingo. Ni da Mama a ciki da falo, Anti Suwaiba da mijinta Malam Hadi a ƙofar da ke kallon tamu, sai mai gidan, Baba Barnabas, a ɗakunan gaba. Tsakar gidan ba ta da girma. Akwai bishiyar gwaba, da igiyar shanya, da banɗaki can ƙurya, da akurkin kajin Baba. Akwai kuma Saja.

Saja zakara ne. Baba Barnabas aikin gandiroba ya yi har ya yi ritaya, shi ya sa masa sunan. Ba irin zakarun gida ba ne, wai ubansa na gidan gona ne, irin manyan nan. Kansa yana kai mini gwiwa, ƙaiminsa kamar ƙusa. Ni dai gaskiya tsoronsa nake ji. Ya taɓa tsaga mini ƙwauri ina shanya, tun daga nan in zan shiga banɗaki sai na riƙe murfin tukunya a hannu. Anti Suwaiba kan ce, "Ga sojan gidanmu za ta fita yaƙi."

An kwantar da Kaka a uwar ɗaka, tagar kuwa lungu take kallo, ba tsakar gida ba. Mama tana fita aiki sakatariya tun da safe. Ni na gama sakandare ina zaman jiran jami'a, saboda haka Kaka da kajinta duka a wuyana suka faɗo.

"Malama, ajiye littafin nan ki saurara," in ji Kaka. Haka take kirana tun ina ƙarama. "Baƙuwar kaza ɗaure ta ake yi. Ki yago bakin zane ki ɗaure kowacce a ƙafa, kusa da inda za ta riƙa kwana. A nan za ta ci, a nan za ta sha, har sai ta manta hanya. In kika sake su yanzu, sun tafi."

"Ina za su tafi, Kaka?"

"Gida mana. Sannan ki cire gashi ɗaya a wutsiyar kowacce ki binne a tokar murhu."

"Ai ba mu da murhu. Da gas muke girki."

Ta dube ni kamar na ce ba mu da ƙofa. "To ku a ina kuke zama?"

Na je na binne gashin a tokar kurfotin Anti Suwaiba. Tana tsaye tana dariya da ɗanta a baya, ta ce, "To Abi, tunda a tokata kika binne, kin san dai yanzu kajin sun zama nawa ko?"

Na ɗaure su a gindin gwaba, kowacce da igiyarta mai tsawon kamar taku biyu. Na zuba musu dusa da ruwa a murfin bokiti. Suka tsaya suna karkata kai suna duba wurin, Ja har ta fara tono.

Saja yana can bakin akurki. Bai yi sauri ba. Ya taho a karkace, fiffike ɗaya yana jan ƙasa, ya tsaya, ya sake tahowa. Ja ta gan shi ta zabura da gudu, igiyar ta ƙare, ta fizge ta ta faɗi a gefe. Kafin ta tashi ya hau ta. Ya kama bayan kanta da baki ya danna fuskarta a ƙasa, nauyinsa ya shimfiɗe ta kamar tsumma. Da ya sauka bai tafi ba, ya ci gaba da sararta a ka. Kajinsa kuma da suka ga jini suka taho, kowacce ta kai nata saran ta ja da baya.

Ina tsaye da tsintsiya a hannu. Na ɗaga ta, na kasa saukewa, domin Baba Barnabas yana zaune a bencinsa da rediyo yana kallo.

"Kai Farfesa, bar su!" Baba kowa "kai" yake ce masa, mace ko namiji. "Gaisuwa ne suke yi. Baƙo ya zo gida dole ya gai da mai gida."

"Baba, jini take yi."

"Jinin kaza? Gobe ya warke. Ni na yi kiwo tun ba a haifi uwarka ba."

Da ya gama da Ja ya koma kan Fingi. Ita ba ta ma yi gudun ba. Ta lafe a ƙasa ta rufe ido.

Da yamma na shafa musu manja a ciwukan, na sa su a kwali a bayan ƙofar kicin. Na ɗauki waya na yi ta karatu. Duk inda na duba magana ɗaya ce: a raba baƙi da 'yan gida da ragar waya, su riƙa ganin juna ba sa taɓa juna, har su saba. Hotunan duk na gidaje ne masu ciyawa kore da shinge fari. Babu wanda ya rubuta abin da za a yi in zakaran na mai gidan haya ne.

Na gaya wa Mama tana cire takalmi.

"Abigail, don Allah." Ta dafe goshi. "Kin san ba ya yarda ɗan haya ya ajiye dabba. Albarkacin tsufan Kaka ya bari. Kada ki jawo mana magana."

"To su zauna a kicin."

"Kaji a inda nake dafa abinci, ga mara lafiya da buɗaɗɗen ciwo a ɗaki? Su kwana dai, da safe ki fitar."

Na shiga wurin Kaka. Likita ya ce jininta ya hau, kada a tayar mata da hankali, shi ya sa na yi ta zagaye.

"Kaka, zakaran gidan nan yana damunsu fa."

"Zakara ai haka yake. Kwana biyu ne ya gaji."

"Wannan babba ne."

"Nawa da ruwa ya ci ma babba ne." Ta nuna da hannu, tsayin da bai wuce na Ja ba sosai.

"Da zan kwance su, ko da za su samu wurin gudu..."

"Kada ki soma!" Ta yunƙura za ta tashi, ta cije baki saboda ƙafar. "Su kaɗai suka rage mini, Malama. Ki kwance su su bi titi, keke ya take su, ko wani ya sa a tukunya? Ko littafin ne ya ce ki kwance?"

Na ce a'a. Na gyara mata filo.

Ta yaya zan kwatanta mata Saja? Ba ta taɓa ganinsa ba. Cararsa kawai take ji ta bango, har ta taɓa cewa muryarsa da daɗi.

Kwanakin da suka biyo baya a gindin gwaba na yi su. Na kan fito da kujera da littafi da murfin tukunyata in zauna a tsakaninsu da shi. Ko layi ɗaya ba na karantawa. In ina nan, sai ya yi ta kewaye daga nesa yana tsince-tsince kamar ba ruwansa. Da Kaka ta kira ni in ba ta ruwa ko in kai ta fitsari, kafin in dawo na ji kukan. Gashin bayan Ja ya ƙare, fatar ta fito ja kamar an ɗaye. Fingi ta daina cin dusa sai na buɗe mata baki.

Na gwada kifa musu bahon wanki. Da na ɗaga bayan ɗan lokaci na tarar bakinsu a buɗe suna haki, zafin Jalingo ya kusa dafa su. Kwandon da suka zo a ciki kuwa na direba ne, ya koma Lau da abinsa.

Sai dabara ta zo mini, har na ji daɗin kaina. Muna da tsohon gidan sauro a ƙarƙashin gado. Na ɗaure kusurwoyinsa a reshen gwaba da igiyar shanya, na danne gefensa da duwatsu, na sa kajin a ciki. Suna ganin waje, waje na ganinsu, daidai yadda na karanta. Anti Suwaiba ta leƙo ta ce, "Lallai boko ya yi rana. Saura ki kunna musu fanka."

Rabin yini aka yi lafiya. Ja ta yi wankan ƙasa, abin da ban taɓa gani ta yi ba tun zuwanta. Fingi ta sha ruwa da kanta.

Bayan azahar Saja ya yi tsalle ya kai wa ragar duka da ƙafa biyu. Ƙaiminsa ya shige ramukan, ya fizga, ragar ta ƙara naɗe shi. Ya faɗi yana bugun ƙasa da fukafukai yana wani irin ihu. Baba Barnabas ya fito daga ɗaki ba riga.

"Wa ya kafa tarko a gidana?"

"Baba, ba tarko ba ne, na karanta ne cewa..."

"Karanta! Ka karanta yadda ake karya ƙafan zakara?" Ya durƙusa da ƙyar, yana yanka ragar da reza yana lallashinsa. "Sannu Saja, sannu yaro na." Da ya kwance shi ya duba ƙafar sama da ƙasa, ba abin da ya same ta. Ya tattara gidan sauron ya cusa mini a hannu. "In na sake ganin wannan, kai da kajin da kwalin duka waje."

Na ce, "To Baba, ko za a ɗaure shi shi ma? Na kwana kaɗan kawai."

Ya kalle ni, ya kalli Anti Suwaiba, ya fashe da dariya. "Ka ji yaron nan. A ɗaure mai gida saboda baƙo! Ni shekara da shekaru ina kulle mutane, ban taɓa kulle wanda bai yi laifi ba."

Anti Suwaiba ta ce, "Useni, don Allah Baba, yarinyar tana da gaskiya fa. Ni ma jiya ya biyo ni har ƙofa."

"Kai ma ka daina sa jan zane."

Ya koma ɗaki da Saja a hammata.

Ranar Lahadi ni aka sa karatun Littafi a sujadar Hausa ta cocinmu, an sanar tun makon da ya wuce, ba halin in ƙi zuwa. Na so in bar su a kwali, Mama ta ce kicin ya fara wari, kuma za ta kulle shi saboda gas. Na ɗaure su a gindin gwaba na roƙi Anti Suwaiba ta sa ido.

"Je ki, Abi. Ga muciya a hannuna, ya zo ya gani."

A coci na yi tuntuɓe a kalmomin da na sani tun ina 'yar Sande Sikul. Ban tsaya gaisuwa ba, na bar Mama a baya na hau keke.

Anti Suwaiba tana tsaye a ƙofarta da ɗanta a kafaɗa. Da ta gan ni ta sunkuyar da kai.

"Wallahi yaron ne ya ɓata jikinsa na shiga wanke shi. Ban daɗe ba. Na ji kukan na fito da kumfa a hannu."

Ja tana kwance a gindin gwaba. Ta yi ta zagaya bishiyar tana gudu, igiyar tana naɗewa, har ta rage ba ta fi tafin hannu ba, ƙafarta manne da itacen. Bayan kanta a buɗe yake. Ƙudaje sun riga sun taru.

"Na ƙwala wa Malam kira ya zo da wuƙa ko za a same ta da rai," in ji Anti. "Kafin ya fito ta tafi."

Fingi tana gefe a lafe, fiffikenta ɗaya a sake.

Baba Barnabas ya dawo daga nasa cocin da sandarsa, ya tsaya ya juya Ja da bakin sandar. Na zaci zai ba da haƙuri. Sai ya ce, "Kazan ƙauye ba shi da ƙarfi. Wataƙila ma da ciwo ya zo. Ka binne shi da nisa, kada nawa su ɗauka."

Na binne ta a bayan katanga da cokalin siminti da na ara. Ƙasar tana da tauri, ramin bai yi zurfi ba, na ɗora dutse.

Na wanke hannu na shiga wurin Kaka, na shirya abin da zan ce, cewa suna nan lafiya suna hutawa. Ban samu na buɗe baki ba.

"Wacece a ciki?" ta tambaya. Idonta na kan rufi.

"Kaka..."

"Na ji ta tun kuna coci. Na yi ta kira, ba kowa. Na sauko ƙafar ta ƙi." Sai a lokacin na lura zanen gadon ya zamo ƙasa, kofin ruwanta ya kife, bandejin ƙafarta ya jiƙe da jini. "Daga baya na ji shiru. Wacece?"

"Ja ce."

Ta sauke idonta daga rufin. Sannan ta ce, "Kawo mini ɗayar."

Na kwance igiyar daga bishiya na ɗauko Fingi, ba ta ko motsa ba. Ba nauyi, kamar na ɗauki ƙullin auduga. Na ɗora ta a cinyar Kaka. Ta bi ta da yatsu a hankali, ƙirji, wuya, baya, sannan ta ɗaga fiffiken da ya saki. A ƙarƙashinsa akwai tsaga doguwa wadda ƙaimi ya yi, ba ta yau ba ce, gefenta ya yi baƙi. Duk shafa manjan da nake yi ban taɓa ɗaga wurin ba. Kaka ta kai hanci ta sansana, ta sauke fiffiken.

"Wannan zakara ne ya yi?"

"Shi ne."

"Wane irin zakara ne wannan?"

Kamar an kira shi, ya zo wucewa ta bakin ƙofar falo da na bari a buɗe. Daga gadon ana hango wurin in an ɗaga labule. Na ɗaga. Ya tsaya a kan dakali, ya miƙe wuya, ya karkaɗe jiki. Kaka ta kalle shi har ya wuce.

"Wannan ai ba zakara ba ne," ta ce a hankali. "Ni kuma na ce ki ɗaure masa su."

Ta sa farce tana kwance ƙullin da ke ƙafar Fingi. Ni na ɗaure shi, na kuma ɗaure da kyau don tsoron kada ya kwance. Ta daɗe tana fama, ta ƙi in taya ta. Da ya kwance, wurin ya yi zobe fari a ƙafar.

Mama ta shigo a lokacin, ta ga kaza a kan gado, ta buɗe baki, ta ga fuskar Kaka, ta rufe.

Na ce, "Kaka, akwai mai sayar da maganin kaji a kasuwa, gobe zan je. Ko mu kai ta gidan Anti Rose a unguwar Sarkin Dawaki, su ba su da zakara."

"A sake kai ta wani gidan a sake ɗaure ta?" Ta girgiza kai. "Ciwon ya shiga ciki, Malama. Ba za ta kai jibi ba. In an bar ta, ita ma bayan katanga za ki kai ta." Ta shafa gashin nan murɗaɗɗe. "Je ki ce wa mijin Suwaiba ya zo da wuƙarsa. Shi zai yanka, don kowa a gidan ya samu ya ci."

"Kaka, don Allah a bari zuwa gobe."

"Je ki."

Na dubi Mama. Mama ta kau da kai.

Malam Hadi ya zo, ya yi sallama, ya durƙusa ya gai da Kaka, ya ce, "Sannu Mama, Allah ya mayar da alheri." Ya karɓi Fingi da hannu biyu. Ya ce in zo in riƙe masa ƙafafu, na ce ba zan iya ba, Anti Suwaiba ta riƙe. Na tsaya a kicin na toshe kunnuwa, amma ba a yi wani ƙara ba.

Mama ta yi farfesu. Naman bai taka kara ya karya ba, an yanke wajen ciwon an zubar, sauran duk ƙashi ne. Kaka ta sa aka kawo tukunyar gabanta, ita ta raba. Ta zuba na Anti Suwaiba da mijinta, ta zuba namu. Sannan ta ɗauki cinya ɗaya ta sa a kwano mai murfi.

"Wannan na mai gida ne."

"Kaka! Shi?"

"A gidansa aka yanka. Ba a cin nama a hana mai gida."

"To naki fa?"

"Ni na ƙoshi." Ta juya ta fuskanci bango, ta ja zane har kafaɗa.

Na fita da kwanon, yana ƙona mini yatsu. Baba Barnabas yana kan bencinsa da rediyo. Na durƙusa na ce in ji Kaka. Ya buɗe murfin, ya sansana, ya gyaɗa kai.

"Ka ce masa na gode. Tsohuwan nan ya san mutunci." Ya ɗaga cinyar yana juyawa. "Amma ka gani ko, Farfesa? Ba nama. Na gaya maka kazan ba lafiya."

Na ce, "I, Baba."

Na tsaya a gefe ina jira ya gama in karɓi kwanon.